Tara sulallan Nijeriya da tantance darajarsu

Tara sulalla sha'awa ce ta adana kuɗaɗen ƙarfe da aka yi ciniki da su, a jera su bisa shekara da wurin bugu, a kuma auna yadda hannu ya ci kowannensu. A Nijeriya masu wannan sha'awa kan raba sulallan gida uku: na zamanin Turawa, na 1959, da na naira da kwabo.

Na Turawa sun fi daɗin bibiya. A 1907 aka fara buga kwabo da anini, masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci a jiki. Aninin farko na alminiyum ne, yana cikin kuɗaɗen alminiyum na farko a duniya, amma bai jure ba, a 1908 aka sauya ƙarfen. Anini goma ke yin kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule. Sule biyu kuma dala ko fataka. Bayan an kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, an fito da sule da dala na azurfa masu hoton kwakwar manja a 1913, kafin a koma tagulla mai ruwan ɗorawa a 1920. Kwabon 1936 na ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a wannan shekarar. Mutane kan ɗauka tsada gare shi, alhali an buga shi da yawa.

Masu tarawa kan sa madubin ƙara girma su nemi wani ɗan harafi a jikin sulen: H na nufin masana'antar Heaton da ke Birmingham, KN kuma ta King's Norton. Kwabo guda biyu da aka buga a shekara ɗaya sai farashinsu ya yi hannun riga saboda wannan harafin kaɗai.

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa sulallan a 1959, ciki har da taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira, sule goma suka zama naira ɗaya. Kwabo ashirin da biyar na wannan zubin ne ke ɗauke da dalar gyada. A 1991 kwandalar naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay ta fito, a 2007 kuma aka ƙara naira biyu mai ƙarfe iri biyu, wadda da ƙyar ta zagaya kasuwa.

Wajen tantancewa, tsufa ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne inda zanen ya fi tudu, don nan yatsa ke fara shafewa: gashin sarki da duwatsun kambinsa, ko layukan buhunan dalar gyada. In buhunan sun narke sun zama tudu ɗaya, sulen ya sha hannu. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda William Sheldon ya tsara a Amurka a 1949, daga 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama na wanda bai taɓa shiga kasuwa ba ne, yana nan da ƙyallin masana'anta. Kamfanoni irin su PCGS da NGC kan tantance sule su rufe shi cikin roba da lambarsa.

Namu suna da nasu ciwon. Masu huda a zare ake jera su, don haka bakin hudar kan cinye. Na azurfa da yawa maƙera sun liƙa musu kunne an yi ado da su, wanda a idon mai tarawa lahani ne, ko da azurfar na nan da kuɗinta. Babbar ɓarna kuwa ita ce wanki. Mutum ya tsinci tsohon sule a adakar kaka, sai ya sa toka da lemun tsami ya dirje shi har ya yi fes, ya bar masa ƙananan ƙarce da madubi ke tonawa nan take. A gefe ake riƙe sule, a ajiye kowanne a takardarsa, nesa da danshin damina.