Ƙarafunan gyaran haƙora da hanyar numfashi ta sama

Ganɗa ita ce rufin baki, ita ce kuma daɓen hanci. Harshe kuwa a muƙamuƙin ƙasa yake ɗaure. Shi ya sa ƙarfen da aka sa don daidaita cizo yake taɓa hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa maƙogwaro.

Wanda ya fi taɓa hanci shi ne ƙarfen buɗa ganɗa, wanda Emerson Angell ya fara bayyanawa a 1860. Ana liƙa shi a turamen haƙoran sama, da ƴar kusa mai murɗuwa a tsakiya. Uwa ko uba ke zura ɗan mabuɗi su murɗa sau ɗaya ko biyu a rana, kowace murɗa wajen milimita 0,25, har sati biyu zuwa uku. Ɗinkin da ya haɗa ƙasusuwan ganɗa biyu sai ya saki, daɓen hanci ya ƙara faɗi. Alamar ƙashi ne ya buɗe ita ce wushirya da ke fitowa tsakanin haƙoran gaba. Iyaye kan tsorata, amma da kanta take rufewa. Daga nan a bar ƙarfen wata uku zuwa shida sabon ƙashi ya cike gurbin. In aka yi gaggawar cirewa, aikin ya koma baya. Bayan balaga ɗinkin ya riga ya kama, murɗawa sai dai ta karkatar da haƙora waje, dasashi ya janye. Babba sai an kafa ƙarfen a ƙashi da ƙananan kusoshi, ko a haɗa da tiyata.

Yaron da haɓarsa ta koma ciki ana sa masa ƙarfe mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba, kamar Herbst mai liƙewa, ko Twin Block na William Clark, 1977, mai cirewa. Harshe ya bi muƙamuƙi, bayan maƙoshi ya samu sarari. Yana aiki ne lokacin da yaro ke tsakiyar girma, kuma mai cirewa in yana kwana a aljihu ba ya komai.

Sai dai hoton ƙashi da ake duba faɗin hanyar iska da shi ana ɗaukarsa ne yaro na farke, a zaune ko a tsaye, alhali a barci naman maƙogwaro ke saki. Faɗi a hoto bai nuna an warke daga minshari ko yankewar numfashi a barci ba. Awon barci na dare guda, wato auna numfashin yaro yana barci, shi ke tabbatar da yankewar numfashi. A yara, kumburin tsokar bayan hanci da ta gefen maƙogwaro ne ya fi jawo minshari, kuma ba a tabbatar ƙarfe na rage su ba. Yanke belu wurin wanzami ma haka. A Damagaram ƙurar hunturu kaɗai kan toshe hancin yaro ya kwana baki buɗe, don haka lokotoron hanci da maƙogwaro ya kamata ya fara duba shi kafin a auna masa ƙarfe.