Na ba da ƙoda, yanzu waya ce za ta riƙa duba ni?

Tun da ɗan baffana ya ba yayanshi ƙoda guda, aka yi musu aiki a waje suka dawo gida Tawa, dangi suka maida ni kamar likita, alhali ni nawa karatun takardu ne da yi ma mai bayarwar tuni. Ga tambayoyin da aka fi jefo min a WhatsApp kan aplikasiyon ɗin nan na waya da ake cewa suna bin lafiyar wanda ya ba da ƙoda.

Yaya, ai wanda aka sa ma ƙodar shi ne maras lafiya, me ya kai mai bayarwa wurin likita kuma?

Nan fa matsalar take. Ranar da suka sauka, kowa na kan mai karɓa, sannu, ya jiki, ga fura ga romo, shi kuma mai bayarwa sai "Allah shi saka maka" shi ke nan an manta da shi. Shi ma da kanshi tunda ba inda ke mai ciwo sai ya watsar. Gaskiya mutum na rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya, ta farko da aka dasa ta kama a Boston ta Amurka a 1954, tagwaye ne, wanda ya bayar sai 2010 ya rasu. Wadda ta rage tana ƙara girma ta ɗauki wajen kashi 70 cikin ɗari na aikin da biyun ke yi. Amma ka ga yanzu ba ta da mai kama mata, kuma hawan jini da sukari ba sa sallama in za su shiga, ƙoda na iya lalacewa shekaru ba ka ji komi ba. Shi ya sa ƙa'idar likitocin ƙoda ta KDIGO ta 2017 ta ce a duba mai bayarwa ko da sau ɗaya a shekara: tansiyo, nauyi, kireyatinin a jini (dattin da ƙoda ke tacewa), da albumin a fitsari (furotin da ke yoyo in ƙoda ta samu matsala). A Amurka tun 2013 dole ne asibitin da ya yi aikin ya kawo bayanin mai bayarwa a wata 6, wata 12 da wata 24.

To aplikasiyon ɗin me yake yi takamaimai?

Tuni da ajiya da aike, iyakarta ke nan. Ya buga maka ƙararrawa lokacin analiz ya yi, ya ba ka ƴan tambayoyi ka cika, ka ɗauki hoton rizulta ka tura ma likitocin da suka yi maka aiki. Jami'ar Johns Hopkins ta Baltimo ta haɗa wani mai suna mKidney don wannan aikin, saboda can ma masu bayarwa ɓacewa suke bayan aiki, balle mu da tsakaninmu da mai fiɗar akwai jirgin sama.

Ana samun irinshi a Nijar?

Irin waɗannan a ɗaure suke da asibitin da ya yi aikin, su ke buɗe maka, ba wai ka sauke daga Play Store ka fara ba. Saboda haka kafin ku baro can, ko Tunisiya ce ko Indiya ko Turkiyya ko nan Kano, ka tambaye su suna da shi, in babu su ba ka lambar da za ka riƙa tura rizulta. Mu abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Takardun ɗan baffan nawa duk cikin wata baƙar leda suke ƙarƙashin katifa, har ɗaya ta sha mai, na zauna wata la'asar na ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya, na sa ranakun randebu cikin kalandar wayar, muka buɗe wani shafi yana rubuta tansiyo da kwanan wata. Kuma karne na takarda na nan, don waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, kuran na ɗaukewa.

Malam, na ga wani aplikasiyo da ake ɗora yatsa kan kamara ya faɗi tansiyo, gaskiya ne?

Kar ki yarda da shi Hajiya. Ki sayi na'urar awo ta damtse a farmasi, ki zauna minti 5 ki huta, baya a jingine, hannu kan tebur, ba bayan shayi ba, sannan ki auna ki rubuta lambar cikin waya. In kullum yana kai 14/9 (wato 140/90) ko ya wuce, sai wurin likita. Kireyatinin kuwa sai an ɗebi jini a labo, babu wayar da ke auna shi ko nawa aka saye ta.

Tunda ina tura rizulta, sai na daina zuwa Yamai?

A'a, rage zirga-zirga dai zai yi. Daga Tawa zuwa Yamai sama da kilomita 500 ne, kuɗin mota da masauki da barin sana'a kwana uku, in za a iya analiz a nan a tura hoto likita ya ce komi daidai, ai an huta. Amma ka samu likitan ƙoda na gida da ya san fuskarka, akwai sashensu a asibitin Lamorde. In ƙafa ta kumbura, ko fitsari ya ragu ko yana kumfa ko da jini, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko zawo da amai sun ƙi tsayawa, ba lokacin jiran alamar shuɗi ta WhatsApp ba ne, tashi za ka yi.

Akwai abin da wayar ba za ta hana ni ba sai ni na hana kaina?

Maganin tebur. Diklofenak da ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki suna wahal da ƙoda, haka jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Duk inda za a rubuta maka ordinans ka fara cewa ƙodata ɗaya ce. Ga gishiri da magi, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce 40, mai ƙoda ɗaya bai wasa da ruwa. Batun azumi ka zauna da likita tun cikin Sha'aban. Mace kuma da ta ba da ƙoda tana iya haihuwa, sai dai haɗarin hawan jini na ciki ya ɗan fi yawa gare ta, ta faɗa tun awon farko.

Sirrina fa?

Ki sa ma wayar kod, musamman in yara na ɗauka suna kallon bidiyo, kuma rizulta ga likita ake tura shi ba gurup na dangi ba. In aplikasiyo ya nemi lambobin mutanenki da hotunanki ba dalili, goge shi. In kuma wani ya biyo ki ta nan yana neman mai sayar da ƙoda, toshe shi nan take.