Makarantar Al'ummar Yahudawa: Yadda Ake Karatu da Zaman Tare a Cikinta

A manyan biranen Amurka, Kanada, Birtaniya, Afirka ta Kudu da Ostireliya, Yahudawa sun gina wa 'ya'yansu makarantun jeka-ka-dawo inda yaro ke yin boko da karatun addini a wuri ɗaya, kusan yadda Islamiyyar zamani mai haɗa boko da addini take a wurinmu. Makarantun ba iri ɗaya ba ne. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce wadda suke kira makarantar al'umma, kuma ga tambayoyin da mai son sanin halinta zai iya yi.

Me ya raba makarantar al'umma da sauran makarantun Yahudawa?

Ba ta ƙarƙashin ɓangare ɗaya na addinin. Yahudawan ƙasashen Yamma sun kasu: akwai 'yan Otodoks masu riƙo da shari'ar addinin kamar yadda aka gada, akwai 'yan Konsabatib masu matsakaicin ra'ayi, akwai 'yan Rifom masu sassauci, sannan ga ɗimbin waɗanda Yahudanci a wurinsu asali ne da al'ada, ba ibada ba. Yawancin makarantu na ɓangare guda ne. Ita kuwa makarantar al'umma ƙofarta a buɗe take ga 'ya'yan dukkansu.

Ba ta da yawa. Ƙidayar da gidauniyar Avi Chai ta yi a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ta samu makarantun Yahudawa 906 a Amurka da ɗalibai kimanin dubu 292, mafi yawansu a makarantun Otodoks na jihohin New York da New Jersey. Ɗaliban makarantun al'umma ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu ita ce Akiba da aka buɗe a Philadelphia a 1946, wadda yanzu ake kira Barrack. A can Josh Shapiro, wanda aka zaɓa gwamnan Pennsylvania a 2022, ya yi sakandare.

Ga makarantar gwamnati kyauta, me zai sa iyaye su kai yaro inda za su biya kuɗi?

Tsoron ɓacewa. Yahudawa fiye da miliyan biyu da suka yi hijira daga gabashin Turai zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1924 sun rungumi makarantar gwamnati hannu bibbiyu, domin ita ce hanyar zama cikakken Ba'amurke. Karatun addini sai aka mayar da shi na yamma ko na ranar Lahadi, 'yan sa'o'i kaɗan a mako, kuma yara da yawa suna ajiye shi da zarar an yi musu bikin balaga a shekara 13. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa miliyan shida, manyan cibiyoyin ilimi na Poland da Lithuania suka zama toka, sai manyan Yahudawan Amurka suka gane cewa in ba a Amurka aka raya karatun ba, to ba inda za a ƙara ɗebo malamai. A 1944 aka kafa ƙungiyar Torah Umesorah da burin a samu makarantar yini a duk garin da Yahudawa ke zaune.

Waɗanda ba Otodoks ba sun daɗe suna jan ƙafa. Abin da ya girgiza su shi ne binciken da aka yi a 1990, wanda ya ce kashi 52 cikin ɗari na Yahudawan da suka yi aure a shekarun baya-bayan nan na lokacin sun auri wanda ba Bayahude ba. An yi ta gardama a kan adadin, amma hankali ya riga ya tashi, kuma a shekarun da suka biyo baya aka buɗe sababbin makarantu da dama.

Su kansu ba sa ɗaukar abin a matsayin sabo. Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malamansu na da, ya ambaci wani babban limami mai suna Yehoshua ben Gamla, wanda tun ƙarni na farko ya sa a naɗa malaman yara a kowane gari, a riƙa kai yaro yana da shekara shida ko bakwai. A wannan wurin na Talmud ne ma aka ƙayyade cewa malami ɗaya ya riƙe yara 25.

Yaya yini ɗaya yake kasancewa?

Ana shiga wajen ƙarfe takwas, a tashi bayan ƙarfe uku, 'yan sakandare kan wuce haka. Da addu'ar safe ake farawa. Ƙananan yara rerawa suke yi, malama na nuna musu haruffa a babban allo daga dama zuwa hagu, har su zo kan Shema, kalmar kaɗaita Ubangiji, inda kowane yaro zai rufe idonsa da hannun dama. Maza na sanye da 'yar hular nan da ake kira kippa. Ranakun Litinin da Alhamis, a manyan azuzuwa, ana fito da naɗaɗɗen littafin Attaura da aka rubuta da hannu a kan fata, ɗalibi ya karanta da ƙira'a yana bin layi da ɗan sandan azurfa don kada yatsa ya taɓa rubutun.

Daga nan yini ya rabu tsakanin lissafi, kimiyya, Turanci da tarihi a gefe ɗaya, Ibrananci da littattafan addini a ɗaya gefen. Abincin rana dole ya dace da dokar kosher: ba naman alade, ba a haɗa nama da nono ko cuku a ci tare. Shi ya sa makarantu da yawa suka hana a zo da nama daga gida kwata-kwata. Bayan cin abinci ana rera addu'ar godiya.

Juma'a ita ce ranar da yara suka fi ƙauna. Kafin a tashi sai a shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a kunna kyandir biyu, a zuba ruwan inabi marar sa maye a ƙananan kofuna, a yayyanka kitsattsen burodin nan mai suna halla, kowane yaro ya jefa 'yan silallansa a akwatin sadaka. Gwajin shigowar Asabar ke nan, ranar hutunsu da ke kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a. A lokacin hunturu, da rana ke faɗuwa da wuri, makaranta na tashi tun da azahar don kowa ya isa gida kafin lokacin.

Me suke karantawa a ɓangaren addini, kuma ta wace hanya?

Harshe ne tushe. Ibrananci na da baƙaƙe 22, kuma makarantar al'umma na koyar da shi ta fuska biyu: na littafi, da na magana irin wanda ake yi a titin Tel Aviv. Ɗan aji ɗaya ana yi masa ƙwarya-ƙwaryar biki a miƙa masa littafin addu'arsa na farko a gaban iyaye. Shekara mai zuwa ko wadda ke binta a ba shi Attaura. Yana girma sai a haɗa masa da sharhin Rashi, malamin da ya rayu a birnin Troyes na Faransa daga 1040 zuwa 1105. Sai Mishna, tarin hukunce-hukuncen da aka tattara wajen shekara ta 200, sannan Talmud, wanda galibinsa da harshen Aramaik yake.

Hanyar karatun ita ce abin da ya fi ɗaukar hankalina. Suna kiranta habruta: ɗalibai biyu-biyu, littafi a buɗe a tsakaninsu, ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya tare shi da tambaya. Ajin kan cika da hayaniya, kuma malami ba ya tsawatawa, don hayaniyar ce aikin.

Babin da aka saba fara wa yara Talmud da shi na tsintuwa ne. Mutum ya tsinci kuɗi a warwatse a hanya, nasa ne, domin mai su ya riga ya fidda rai. Ya tsinci kuɗi a cikin jaka, sai ya yi cigiya, domin jaka na da alamar da mai ita zai faɗa. To, sai yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta tambayi abokiyar karatunta: in mai kuɗin bai ma san sun faɗi ba fa, ta yaya za a ce ya fidda rai? Wannan tambayar ba sabuwa ba ce. Malamai biyu na Babila, Abaye da Raba, sun yi saɓani a kanta fiye da shekara 1,600 da suka wuce, kuma saɓanin na nan a shafin da ke gaban yaran. Shafin Talmud na ajiye ra'ayin da aka ɗauka tare da wanda aka bari, kowanne da sunan mai shi. Yaron da ya tashi a haka ya saba da cewa ana iya yi wa abokin karatu musu mai zafi, a tashi a ci abinci a tebur ɗaya.

Boko ba ya samun rauni da wannan rabon lokaci?

A makarantun al'umma, da wuya. Iyayen da ke biyan kuɗin suna sa ran 'ya'yansu su shiga manyan jami'o'i, kuma suna bibiya. In ma akwai ɓangaren da ke kuka da ƙarancin lokaci, na addini ne. Rahoton da jaridar New York Times ta buga a 2022 kan raunin Turanci da lissafi ya shafi wasu makarantun maza na 'yan Hasid ne, wani reshe na Otodoks masu tsananin riƙo, waɗanda tsarinsu daban yake.

Ta yaya 'ya'yan masu aƙidu mabambanta ke zama a aji ɗaya ba rikici?

Nan ne aikin yake. A aji ɗaya za ka samu yaron da gidansu ba a kunna wuta ko shiga mota ranar Asabar, kusa da shi ga wanda Asabar ce ranar ƙwallonsa. A abin da ya shafi cin abinci da taro, yawanci ana bin mafi tsauri don kowa ya iya shiga. Makarantu da yawa na roƙon iyaye kada su sa bikin zagayowar ranar haihuwa ranar Asabar, kuma su ba da abincin da kowane ɗan aji zai iya ci. A abin da ya shafi ibada kuwa, zaɓi ake bayarwa: a sakandare akan samu ɗaki ɗaya da aka raba maza da mata da labule, wani ɗakin da yarinya ke iya jan addu'a, wani kuma na tattaunawa ga masu shakka.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce: wane ne Bayahude? A shari'ar gargajiya ta uwa ake gado, ko kuma mutum ya shiga addinin ta hanyar da malamai suka yarda da ita. 'Yan Rifom na Amurka sun yanke a 1983 cewa wanda ubansa kaɗai ne Bayahude shi ma ana lissafa shi, in an rene shi a addinin. Makarantun al'umma a Amurka galibi suna karɓar duka. A Landan kuwa sai da maganar ta kai kotu. Makarantar JFS, wadda asalinta ke komawa 1732, ta ƙi ba wani yaro gurbi saboda ofishin babban malamin Otodoks bai amince da yadda mahaifiyarsa ta shiga addinin ba. A 2009 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce wannan wariya ce ta asali, kuma tun daga lokacin makarantun suka koma duba halartar majami'a da ayyukan addini maimakon jini. A 2010 aka buɗe JCoSS a arewacin Landan, sakandaren da ke karɓar 'ya'yan kowane ɓangare.

Masu suka daga Otodoks na cewa wanda ya yi ƙoƙarin gamsar da kowa ba zai koyar da komai da tabbaci ba. Sukar na da ƙamshin gaskiya. A ganina makarantar na tsira daga gare ta ne kawai idan ta dage a kan harshe da littafi, yadda ɗalibi zai fita yana iya buɗe nassi da kansa, ko da bai bi hukuncin da ke ciki ba.

Ana karɓar wanda ba Bayahude ba?

Ya danganta da wuri. Inda Yahudawa suka ragu kuma gwamnati ke ɗaukar nauyin makarantar, ana karɓa. Firamaren King David da ke Birmingham ta yi suna da cewa 'ya'yan Musulmi sun fi na Yahudawa yawa a cikinta, suna koyon Ibrananci, suna zama a taron Juma'a tare da sauran yara. A Maroko ma, inda ƙungiyar Yahudawan Faransa mai suna Alliance ta buɗe makarantarta ta farko a Tetouan a 1862, akwai 'ya'yan Musulmi da yawa a makarantun Yahudawa na Kasablanka.

Me ake koya musu game da Isra'ila da Falasɗinawa?

Isra'ila na da babban matsayi a kusan duk makarantun al'umma. Akwai tutarta, ana rera takenta, ana bikin ranar kafuwarta, malaman Ibrananci da yawa daga can suke, kuma akan kai 'yan ajin ƙarshe ziyara. Ba duk Yahudawa ne a kan haka ba. 'Yan Satmar, wani reshe na 'yan Hasid, alal misali, suna adawa da aƙidar Sahayoniyanci, kuma makarantunsu ba sa wannan.

Daga cikin gida ma akwai ƙorafi. Ƙungiyar matasa ta IfNotNow, da ta ɓullo a lokacin yaƙin Gaza na 2014, ta haɗa tsofaffin ɗalibai da ke cewa an rene su ba a taɓa gaya musu halin mamaya da abin da Falasɗinawa ke ciki ba. Wasu makarantu sun fara shigar da labarin 1948, shekarar kafuwar Isra'ila, daga bakin ɓangarorin biyu a darasin sakandare, wasu kuma sun ƙi. Yaƙin da ya ɓarke a Oktoban 2023 ya ƙara wa maganar zafi tsakanin iyaye da malamai. Ina ganin makarantar da ta koya wa yaro ya saurari ra'ayin da aka bari a shafin Talmud ba ta da hujjar toshe masa kunne a nan.

Wa ke biyan kuɗin?

A Amurka, iyaye da masu ba da gudummawa, domin gwamnati ba ta ɗaukar nauyin makarantun addini kai tsaye. A manyan birane kuɗin sakandare na iya haura dala dubu 30 a shekara kan yaro ɗaya, kuma iyalai masu matsakaicin samu su ne suka fi jin jiki: sun fi ƙarfin tallafi, ba su kai ƙarfin biya ba. A Ingila yawancin makarantun gwamnati ce ke biyan boko, iyaye su ba da gudummawar ɓangaren addini. A Kanada lardin Quebec na ba da wani kaso, Ontario kuwa makarantun Katolika kaɗai yake ɗauka.

Ga kuma kuɗin tsaro da ya hau kai. Bayan harin da aka kai makarantar Ozar Hatorah a birnin Toulouse na Faransa a watan Maris na 2012, inda aka kashe malami ɗaya da yara uku, masu gadi da kyamarori da ƙofofin da ba sa buɗuwa sai an tantance mutum sun zama ruwan dare a makarantun Yahudawa. A Birtaniya gwamnati na ba da tallafin masu gadin ta hannun CST, ƙungiyar da ke kula da tsaron Yahudawa. A Amurka makarantu na neman tallafin gwamnatin tarayya don ƙofofi da kyamarori, abin da ya rage kuma a ɗora shi a kan kuɗin makaranta.