Kafin ka ɗora injin huda a kan sifirin mota

Ranar wata Laraba da yamma aka kawo mana wani saurayi ɗakin shan magani, hannunsa dafe da idon hagu, hawaye na ta zuba. Wuƙaƙe da laujuna yake ƙerawa a zauren gidansu, can wajen Ƙofar Marusa, kuma da tsohon sifirin mota yake aiki. Ya so ya huda wurin da zai kafa ƙusar ƙota, ƙarfe ya ƙi, sai ya ɗora ƙirji a kan injin ya danna. Bakin hudar ya karye, ɓarɓashi ya faɗa masa ido. Kwana biyu ana zizara masa kwalli a gida kafin a zo. Ban taɓa idon ba, rufe shi na yi na rubuta masa takarda zuwa asibitin ido.

Yanzu injin huda ya yawaita, kusan duk mai walda da mai gyaran amalanke a Katsina yana da nasa. Shi ya sa nake roƙon ƴan uwa masu sana'a su ba ni aron kunne.

Ba kowane ƙarfe ne ɗaya ba. Rodi da falankin da ake ƙofa da shi masu laushi ne. Sifirin mota, tsohon magagari da zoben boris kuwa an gasa su ne aka tsoma cikin mai ko ruwa don su yi tauri. Gwajin ba shi da wuya: ka goga magagari a gefen ƙarfen. In ya ci, zai hudu. In ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba, to bakin hudar da ka saya a kasuwa, wanda aka rubuta HSS a jikinsa, ba zai yi maka komai ba, domin taurinsu kusan ɗaya ne. Gogayya kawai za su yi, zafi ya taru, bakin ya koma shuɗi ya dakushe. Daga nan ne mutum yake fusata ya ƙara ƙarfi, daga nan kuma muke ganinsa a asibiti.

Hanyar da na fi so, don ita ce mafi aminci, kakanninmu maƙera sun san ta tun kafin wutar lantarki ta zo garin nan: a tausasa ƙarfen tukuna. Ka sa shi cikin gawayi, ka zuga har ya yi jawur. Ka kusanto da mayen ƙarfe. In ya daina kamawa, zafin ya kai wajen digiri 770. Ka ɗan ƙara masa wuta kaɗan, sannan ka binne shi cikin busasshiyar toka ya kwana. Kada ka tsoma shi a ruwa, sanyi a hankali shi ne sirrin. Da safe za ka huda shi kamar rodi, in ka gama ka sake gasa shi ka tsoma cikin mai ya dawo da taurinsa. A fili ake wannan aiki, ba cikin ɗaki a rufe ba, don hayaƙin gawayi yana kisa ba tare da mutum ya ji warinsa ba.

In kuwa abin ba ya shiga wuta, sai a nemi bakin da ya dace. Akwai wanda aka haɗa da wani ƙarfe da ake kira kobal, za ka ga M35 ko M42 a kwalinsa, kobal ɗin kashi 5 ko kashi 8 cikin ɗari ke nan. Yana jure zafi, yana cin mai matsakaicin tauri irin sifirin. Mai tsananin tauri sai bakin kabayid. Amma shi kabayid halin tangaran gare shi: ga tauri, ga saurin fashewa. Hannu ya ɗan karkace, ya tarwatse. Don haka ya fi dacewa da injin tebur, ba na hannu ba.

Gudu ne babban abokin gaba a nan. Injin hannu da yawa suna juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, alhali ƙarfe mai tauri ɗaruruwa kaɗan yake so. A rage gudu, a danna daidai ba sassautawa, a riƙa ɗiga mai, a tsaya ya huce. Na san baƙin mai ne a kusa da hannu, sai dai yana ɓata fata kuma hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne. Sabon mai cikin murfin kwalba ya wadatar. Lokacin da bakin zai fasa ta ƙasa ka sassauta, a nan ya fi cijewa.

Ka matse ƙarfen a bais, wato abin matse ƙarfe na kan teburin aiki, ko ka ɗaure shi da tebur. Kada ka riƙe da hannu, kada ka taka da ƙafa, kada kuma ka ce wa yaron shago ya riƙe maka. In bakin ya cije, ƙarfen ne zai juya, ga shi wuƙa ce kake ƙerawa. A naɗe hannun riga, a tuɓe babbar riga da rawani. Safar hannu ma a cire, don injin na iya kama ta ya ja yatsu. Wani dattijo ya taɓa ce mani, "Likita, shekara talatin ina aikin nan ba tabarau." Na ce, "Baba, Allah ne ya tsare, amma ido biyu kacal ya ba ka." Tabarau mai rufe gefe ake nufi, ba na rana ba. Ɓarɓashi kuma da buroshi ake share shi, ba a hurawa da baki.

In tsautsayi ya faɗa, kada a murza ido. Kada a sa tsinken ashana, ko harshe, ko nonon mai shayarwa, ko mayen ƙarfe. In ƙura ce a sama, a wanke da ruwa mai tsabta. In abu ya kafe, ko gani ya ragu, ko akwai jini, a kifa gindin kofin roba a kan idon ba tare da ya danne shi ba, a manne, a tafi asibitin ido a ranar. Ƙarfe yana fara tsatsa a kan baƙin ido cikin sa'o'i kaɗan, wanda ya shige ciki kuwa yana iya daina zafi alhali yana cin ganin a hankali.

Ka gaya wa likita ƙarfe kake hudawa, musamman in za a ɗauki hoton MRI, don maganaɗisun na'urar yana iya motsa guntun da ke cikin ido. In kuma yanka ne a hannu, a wanke da sabulu da ruwa, a zo mu duba ko allurar tetanos ɗinka ta daɗe.