Gajeren gashin sha'ir da yadda ake raɗa wa ƙwayoyin gadonsa suna

Sha'ir ɗan'uwan alkama ne, duk wanda ya taɓa shiga gonar alkama ta noman rani a Jibiya ya san wannan dogon gashin mai kaushi da ke tsaye bisa kowace ƙwara. Gashin ba ado ba ne, yana da kore, yana amfani da hasken rana ya taimaka ƙwara ta cika, kuma yana damun tsuntsu kamar dai gero mai gashi. To akwai irin sha'ir da gashinsa ke fitowa gajere saboda wata ƙwayar gado ta canza.

Sha'ir yana da kuromozom, wato zaruruwan da ƙwayoyin gado ke jere a kansu, tagwaye guda 7, ana kiransu 1H zuwa 7H. Matsalar ita ce zangarniya biyu za su iya yin kama sak alhali ƙwayar da ta canza a cikinsu ba ɗaya ba ce, ido bai isa ya raba ba, dole sai an yi barbara. Da yake sha'ir kansa yake yi wa barbara, sai mai bincike ya sa ɗan hantsaki ya cire mazan furen tun ba su nuna ba, ya zuba garin furen ɗayan, ya rufe da 'yar jakar takarda. In 'ya'yan farko suka fito da gajeren gashi, to wuri guda ne ya lalace a iyayen biyu. In suka fito da dogo, wurare daban ne, kowane ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Gwajin na aiki ne in halin mai ɓuya ne, wato sai an gado shi ta uwa da uba yake bayyana.

Wajen suna kuwa nan ne kai ke ɗaurewa. Akwai lks, sunan da ake ba ƙwayoyin gajeren gashi, da lamba mai nuna wurin, da harafi mai nuna nau'in canjin, misali lks2.b da ake samu a sha'ir ɗin Sin da Koriya da Japan. Su kuma masanan Siwidin, da suka fara haska iri da eksire don ya canza tun 1928, nasu sunan, ari, suka sa, daga breviaristatum na Latin, wato mai gajeren gashi, harafi ya nuna wurin. Ƙaramin baƙi a farko na nufin mai ɓuya, babba kuma mai rinjaye. Da aka yi gwaji sai ga ari-d ashe lks2 ne da ke kan 7H, haka ma wata da ake kira ubs4, suna uku abu ɗaya, kuma a 2012 masana a Japan suka gano ainihin ƙwayar. A ganina nan darajar aikin take, don in ba haka ba manemin iri zai ɓata shekaru yana haɗa abu guda da kansa.

Shi ari-e daban yake, yana kan 5H, shi ne a cikin irin sha'ir Golden Promise da aka samar daga wani iri mai suna Maythorpe a Birtaniya ta hanyar hasken gama, gajeren kara gajeren gashi.