Gidan da ake ginawa a kan tebur: tambayoyinku da amsoshina

Tun da na fara nuna ƙananan gidajen da nake haɗawa tambayoyi ke ta shigo min, yawancinsu iri ɗaya ne, shi ne na ce bari in tattara su in amsa gaba ɗaya.

Malam, wai wannan ba gidan 'yar tsana ba ne kawai, kayan wasan yara?

Akwai na yara kam, na roba, wanda ko an jefar da shi ba ya fashewa. Amma asalin abin na manya ne. A 1558 aka yi wa Albrecht na biyar, mai mulkin Bavaria a ƙasar Jamus ta yanzu, wani ƙaramin gida da ake lissafa shi cikin na farko a Turai. A Amsterdam kuma wata matar attajiri, Petronella Oortman, ta yi shekaru tana haɗa nata tun daga wajen 1686, kamar kabad yake, an lulluɓe shi da ɓawon kunkuru, har ƙananan tangaran daga Sin aka yo mata odarsu, kuma yana nan a gidan tarihi na Rijksmuseum. In ka ƙara komawa baya ma, a kabarin Meketre, wani babban jami'in Fir'auna a Masar, an tono ƙananan gine-ginen katako a 1920, da rumbu da lambu da ma'aikata a ciki, shekarunsu wajen 4,000.

Mene ne wannan 1:12 da kuke yawan rubutawa?

To nan ne fa zuciyar aikin. Ma'auni ne, wato duk abin da ya kai 12 a gidan gaske, 1 ne a ƙaramin. Ya samo asali ne daga inci da ƙafa, tunda inci 12 ne ƙafa ɗaya, sai inci ɗaya ya tsaya a madadin ƙafa ɗaya. Ƙofa mai tsawon mita 2 za ta dawo santimita 16 da 'yan kai, ɗaki mai tsayin mita 3 ya zama santimita 25, faranti mai faɗin santimita 24 ya koma santimita 2 kacal, kamar maɓallin riga. Akwai 1:24 wanda rabin wancan ne, akwai 1:48, har da 1:144 wanda shi ne gidan 'yar tsanar da ake ajiyewa a cikin gidan 'yar tsana. Masu ƙananan jiragen ƙasa sun fi amfani da 1:87, shi ne ma'aunin Miniatur Wunderland, wurin baje kolin ƙananan jiragen ƙasa na birnin Hamburg a Jamus, da aka buɗe a 2001.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, in ka zaɓi ma'auni ɗaya to ka tsaya a kansa har kan mariƙin ƙofa. Wallahi ido ba ya yafiya a nan, ko wanda bai taɓa riƙe rula ba in ya leƙa ɗakin da kujerarsa ta ɗara ma'auni kaɗan zai ji wani abu bai zauna ba, ko da ya kasa faɗin mene ne.

Wane ɓangare ne ya fi ba da wahala?

Mutane suna ɗauka matakala ce ko rufi. A wurina yadi ne. Katako za ka iya yanka shi ya ƙanƙance sau 12, amma zaren yadi yana nan yadda yake, nauyin da zai ja shi ƙasa kuma babu. Labulen farko da na rataya a taga mai faɗin santimita 8, maimakon ya zubo sai ya tsaya ƙiƙam ya buɗe gefe kamar kwali. Sai da na koma kan auduga mai laushi sosai wadda ta sha wanki, na jiƙa ta da ruwan gam, na kama kowace ninka da allura a jikin allo, na bar ta ta kwana ta bushe, sannan ta yi kama da labulen da iska za ta iya kaɗawa. Haka zanen jikin katako, in layukansa manya ne sai tebur ya fito kamar an sassaƙo shi daga gungume, shi ya sa ake neman itace mai lallausan jiki. Fenti ma siriri ake shafawa, sau biyu ko uku, ana bi da samfefa a tsakani, don mai kauri cike kusurwoyi yake ya cinye duk ƙananan aikin da ka sha wahala a kai.

Da gaske wasu suna da wuta da ruwa?

Wuta kam abu ne na kullum, lantarki mai ƙarfin volt 12 ake ja ta taransifoma, da siririyar waya ko tef ɗin tagulla da ake mannawa a bango kafin a rufe shi da takarda, yanzu kuma ƙananan kwan LED sun sauƙaƙa komai tunda ba sa zafi sosai. Ruwa ne ba kasafai ba. Wanda ya fi shahara da shi shi ne gidan Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, wanda mai zanen gini Edwin Lutyens ya zana, aka gina tsakanin 1921 da 1924 a ma'aunin 1:12. An yi shi da famfo mai zubar da ruwa, da lif mai hawa da sauka, da ɗakin karatu cike da ƙananan littattafai waɗanda marubutan zamanin suka rubuta da hannunsu.

Yanzu da kwamfuta ke zana gini, me ya rage wa samfur na hannu?

Da yawa. Masu zanen gini har gobe suna yi, galibi a 1:50 ko 1:100 ko 1:200, saboda mai gini zai zagaya shi, ya sunkuya ya ga inda inuwa za ta faɗa, abin da hoto ba ya bayarwa. Mai zanen gini Christopher Wren ma sai da ya sa aka yi babban samfurin katako na cocin St Paul a Landan a 1673 zuwa 1674. Wanda ya fi taɓa ni shi ne aikin Frances Glessner Lee a Amurka a shekarun 1940, ta haɗa ƙananan ɗakuna na wuraren da aka tsinci gawa don koya wa 'yan sanda lura, har safar da ke ƙafar 'yar tsana da allura ta saƙa ta.

Ina so a yi min irin gidan da na taso a ciki, me zan kawo wa mai haɗawa?

Hotuna ta kowane gefe, da awon bango da ƙofofi da tagogi. In gidan ba ya nan yanzu, ko awon ƙofa ɗaya ka tuna to daga ita za a lissafo sauran a hoto. Sannan ka auna inda za ka ajiye shi tun kafin a fara, don gida mai faɗin mita 15 a 1:12 ya zarce mita ɗaya, ba kowane tebur ne zai ɗauke shi ba, wani lokacin 1:24 ya fi. Ku kuma daidaita ko gaba ne zai riƙa buɗewa ko rufin ne za a ɗaga. Kuma don Allah kar ka ce a goge tsagar bango ko inda fenti ya koɗe a bakin ƙofa, su ne za su sa ka gane gidanku.

Ni sabon shiga ne, da me zan fara?

Ɗaki ɗaya, akwati mai bango uku da ƙasa. Kwali mai kauri ko siririn katako, rular ƙarfe, wuƙar yanka mai sabuwar reza, farin gam, da hantsaki na ɗaukar ƙananan abubuwa. Kafin ka yanka komai, yanko mutum na kwali mai tsawon santimita 14 in a 1:12 kake aiki, ka tsayar da shi a tsakiyar ɗakin, duk kujera ko taga da ka yi ka gwada ta a jikinsa tukuna kafin ka sa gam.