Tashin Yesu daga matattu: ina Kiristoci suka haɗu, ina suka rabu?

Shin duk Kiristoci sun yarda Yesu ya tashi?

Kusan dukansu. Manzo Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari, cewa in ba a ta da Almasihu ba, bangaskiyarsu banza ce. Shahadar bangaskiya ta Nikiya, wadda taron shugabannin coci ya tsara a garin Nikiya a shekarar 325, ta ce ya tashi a rana ta uku. Saɓanin yana kan yadda ya tashi.

Da wane irin jiki ya tashi?

Nan gizo ke saƙa. Katolika da Otodoks da galibin Furotesta, har da coci-cocin ECWA da COCIN da EYN a arewacin Najeriya, sun tafi a kan cewa jikin da aka gicciye shi ne ya fito daga kabari, sai dai ya sami ɗaukakar da mutuwa ba ta ƙara taɓa shi. Suna kafa hujja da Luka sura ta 24, inda Yesu ya ce wa almajiransa su taɓa shi, don fatalwa ba ta da nama da ƙashi, har ya ci gasasshen kifi a gabansu. Ga kuma almajirinsa Toma da ya ga gurbin ƙusoshi a hannuwansa.

Shaidun Jehobah kuwa sun ce ruhu aka tashe shi, suna dogara da 1 Bitrus 3:18. A wurinsu, jikin da almajirai suka gani na ɗan lokaci ne, irin wanda mala'iku kan bayyana da shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, kowane ɓangare yana komawa ga Bulus, wanda ya kira jikin da ake tashi da shi jiki na ruhu. Wasu suka riƙe "jiki", wasu suka riƙe "ruhu". Ni dai ina ganin misalinsa na iri ya fi kusa da ra'ayin farko: ƙwayar da aka shuka ita ce ke tsirowa, ko da kamanninta sun sauya.

Akwai malaman da ba su ɗauki labarin a zahirinsa ba?

Akwai. Rudolf Bultmann, masanin tauhidi ɗan Jamus da ya rasu a 1976, ya koyar cewa abin da tarihi zai iya tabbatarwa shi ne bangaskiyar da ta tsiro a zukatan almajirai, ba gawar da ta farfaɗo ba. A Ingila ma, David Jenkins, Bishop na Durham, ya ta da ƙura a 1984 da ya nuna shakkarsa kan batun kabarin da aka tarar babu kowa, ko da yake ya dage cewa ya gaskata da tashin.

Otodoks fa, me ya bambanta su?

Inda suka fi ba ƙarfi. Cocin Yamma, wato Katolika da Furotesta, ya fi nanata gicciye da gafarar zunubi, Otodoks kuwa nasara a kan mutuwa kanta suke sa a gaba. Shi ya sa a zanensu na Ista, wato idin tashin Yesu, za ka ga Almasihu ya tattake ƙofofin gidan matattu, yana riƙe da hannun Adamu da na Hawwa'u, yana jawo su waje.